Yadda Za a Riƙe Gonar Dattijo Idan 'Ya'ya Sun Zauna a Birni

A ƙauyuka da dama na Katsina, Jigawa, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram, duk wanda ya zaga gonaki a farkon damina zai ga cewa da yawa daga cikin masu riƙe da fartanya furfura ta cika musu kai. A da, ɗan cin rani yakan tafi bayan girbi ya dawo kafin ruwan shuka, amma yanzu mai tura kurar ruwa a Abuja, da mai gadi a Legas, da wanda ya nufi haƙar zinariya a Jado da ke arewacin Nijar, sukan shekara ba su leƙo gida ba, kuma tsadar kuɗin mota tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023 ta ƙara nisanta su. Gandu, inda 'ya'ya ke noma gonar uba tare kafin kowa ya juya ga gayaunarsa, ya raunana ƙwarai. Aiko da kuɗi yana da amfani, sai dai ba ya hana gona lalacewa idan ba a tsara aikin tun da rani ba.

Abu na farko shi ne a zauna da maigida a watan Maris ko Afrilu, waɗanda ba su samu zuwa ba a haɗa su ta waya. A wannan zama, shawara ta fito daga bakinsa. Maimakon a ce masa ya tsufa ya huta, babban ɗa ya tambaye shi: "Baba, wace gona kake ganin za mu riƙe bana, wacce kuma za mu ba da aro?" Dattijon da aka ƙwace wa ragamar gonarsa yakan fita da sassafe ya yi aikin da ya fi ƙarfinsa domin ya nuna cewa da sauransa, alhali wanda aka bar wa hukunci ya fi saurin yarda a rage masa nauyi.

Ragin kuwa ya fara daga gonar daji mai nisa. A riƙe ta kusa da gari, wadda takin dabbobi ke isa gare ta, kuma tsoho zai iya zuwa da ƙafa ya dawo kafin rana ta take. Ta nesa a ba da ita aro ko haya ga matashin da ya zauna a gari, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta shekarun da aka yi yarjejeniya a kansu. Jingina ce ya kamata a guje wa iyakar iyawa, domin gonar da aka jinginar kan daɗe a hannun mai kuɗi har magada su kasa fanso ta. Kafin a miƙa kowace gona, wajibi ne ɗaya daga cikin 'ya'ya ya bi dattijo su zaga iyaka, yana ɗaukar bidiyo da waya yayin da tsohon ke nuna tushen gamba, da itacen aduwa, da dutsen da kakanni suka kafa, yana kuma ambaton sunan maƙwabcin kowane ɓangare. Rigingimun gado da yawa da ke kai wa gaban alƙali sun samo asali ne daga rasuwar mutum ɗaya da ya san iyaka.

Batun kuɗi yana buƙatar lura da lokaci fiye da yawa. Taki a saye shi da rani kafin farashi ya tashi. Kuɗin 'yan ƙwadago kuma a raba shi bisa matakan aiki, wato shuka, noman firi, maimai da girbi, kuma kason firi shi ne wanda bai kamata ya makara ko da mako ɗaya ba, domin idan ciyawa ta danne gero yana ƙarami, babu takin da zai dawo da shi yadda yake. A damƙa kuɗin ga amintaccen mutum guda da dattijo ya aminta da shi, kada kowane ɗa ya riƙa turo nasa ta hannun wanda ya ga dama.

Gayya ma bashi ce, wanda aka yi wa yau shi zai je wa wani gobe, kuma tsoho ba shi da ƙarfin ramawa. A ganina, hanya mafi kyau ita ce 'yan'uwa su haɗa kuɗi su sayi shanun huɗa biyu da garma da amalanke, su damƙa wa wani saurayi na gida ko na maƙwabta bisa sharaɗin ya fara da gonar dattijo, sannan ya yi wa waɗanda suka zo gayya aiki, sauran kwanaki kuma ya yi na kuɗi. Da haka an biya bashin gayya, an sami taki, kuma an ba matashi ɗaya dalilin zama a gari, inda ake buƙatarsa wajen haƙa kabari, gyaran rijiya da yaɓen masallaci.

A zaɓi iri mai saurin nuna, kamar ire-iren waken SAMPEA na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da kuma geron SOSAT, amma kada a yar da irin gida da dattijo ya daɗe yana adanawa. Feshin maganin ciyawa ba aikin tsoho ba ne, kuma jarkar magani ba ta komawa ta ruwan sha. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an sa guba ba.

Kada a manta da tsohuwar gida, wadda surfe, ɗebo ruwa, neman itace da renon jikoki suka koma kanta. A ware mata kuɗin injin niƙa da na mai kawo ruwa, a hannunta. A kai su duka biyun awon hawan jini da duba ido kafin damina, tunda yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki.

Bayan girbi, a ƙirga dammuna a gaban maigida, a fitar da zakka, wato ɗaya bisa goma na amfanin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, sannan a kwatanta abin da ya shiga rumbu da abin da aka kashe. Idan gonar da aka riƙe ta fi ƙarfin masu aikinta, a sake rage ta a zaman baɗi.