Yadda Za Ki Kai Jaririnki Bikin Dangi a Shekararsa ta Farko

Sau uku na kai 'yata babban taron dangi kafin ta shekara: tana da sati 7, tana da wata 7, sai na ƙarshe ana saura 'yan kwanaki ta cika shekara. Gidan bai canza ba, mutanen ma su ne dai, amma kowane zuwa kamar wata yarinya daban na ɗauko. Shi ya sa duk wadda ta tambaye ni shirin biki da ɗanyen goyo nake ce mata ta fara ƙirga watannin yaron kafin ta taɓa akwati. Watannin ne za su faɗa miki abin da za ki ɗauka, da awa nawa za ki iya zama cikin jama'a, da abin da za ki hana.

Idan bai kai wata 3 ba, aikinki tsaro ne. A wannan lokacin jariri kan yi barcin awa 14 zuwa 17 a yini da dare, wuyansa bai yi ƙwari ba, garkuwar jikinsa kuma ba ta nuna ba. Murar da babba zai yi ta yawo da ita bai damu ba tana iya kwantar da shi a asibiti. Don haka duk mai son ɗauka ya wanke hannu da sabulu, ya tallafe kai da wuya. Mai tari ko mura ya yi masa wasa daga nesa. Sumba a fuska kuwa ki hana ta gaba ɗaya, musamman ga wanda ƙurajen zazzaɓi suka fito masa a leɓe, domin ƙwayar cutar da ke jawo su tana da haɗari ƙwarai ga sabon haihuwa.

Na san faɗin wannan yana da nauyi. Ranar da muka isa, yayar mijina ta miƙo hannu tana jan hanci, idanunta sun yi ja. Na rasa ta inda zan fara. Maigidan ne ya ce, "Yaya, bari murar nan ta sake ki tukuna, ai muna nan har jibi." Ta yi dariya, ta koma ta zauna tana kiran sunan yarinyar daga inda take. Daga ranar muka yi yarjejeniya, kuma ita nake ba ki shawara ku yi tun a gida: shi zai yi magana da danginsa, ke ki yi da naki. Maganar da za ta zama abin riƙo idan ta fito daga bakin suruka, ba komai ba ce a bakin ƙani.

Ki sa ma'aunin zafin jiki da katin rigakafi a jaka, ki kuma tambayi inda asibiti mafi kusa yake tun ranar da kuka sauka. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, a kai shi likita a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da ana tsakiyar shagali. Abin daɗin wannan lokacin shi ne murmushin farko, wanda yakan zo tsakanin sati 6 da 8. Tawa kakanta ta fara yi wa, da safe, gida shiru, ya sunkuyo fuskarsa kusa da tata yana mata magana a hankali. Jariri a wannan lokacin abin da ke kusa da shi yake gani sosai, kamar tazarar da ke tsakanin ƙirjinki da fuskarki, to ki nuna wa masu son ya yi musu murmushi su matso, su sassauta murya.

Zuwa na biyu ya fi wuya, kuma a nan nake so in daɗe. A wata 7 yarinyar ta san fuskata, ta san ta babanta, ta kuma fara ƙiwa. Surukata ta karɓe ta tun daga bakin ƙofa, cikin murna, sai ta canyara kuka har da shiɗewa, tana miƙo min hannu. Na ga ran tsohuwar ya sosu. Na ce, "Mama, ba ƙinki take yi ba, yanzu ne ta fara rarrabe mutane." Gaskiyar ke nan: ƙiwa takan fara daga wajen wata 6 zuwa 9, kuma alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa na aiki, ta iya bambance wanda ta saba da wanda ba ta saba ba. Dabarar da ta yi mana aiki mai sauƙi ce. Ki shiga da yaron a jikinki, ki zauna kusa da kakar, ku yi hirarku kamar babu shi a wurin. Zai yi ta leƙenta ta kafaɗarki. Ki ba ta abin wasansa ta riƙe. Da ya gamsu, shi da kansa zai kai hannu. Namu ya ɗauki kusan rabin awa, daga baya har ɗankunne ta ja mata.

A irin wannan taron ne kuma ake fara gwada yara. Ɗan wance ya zauna tun yana wata 5, 'yar wance har ta yi haƙori biyu, taki fa? Idan ba ki riƙe zuciyarki ba, za ki koma gida da damuwar da ba ki zo da ita ba. Ga abin da ya kwantar min da hankali. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan lafiyayyun yara a Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka. An ga cewa zama ba tare da jingina ba yana zuwa daga kusan wata 4 har zuwa wata 9. Rarrafe daga wata 5 zuwa wata 13 da rabi. Tafiya ba riƙo daga wata 8 har kusan wata 18. Wasu 'yan kaɗan ma ba su yi rarrafe ba sam, suka miƙe suka yi tafiya. Duba faɗin tazarar nan: yaro ya taka a wata 9, wani a wata 16, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Idan kuma bakwaini kika haifa, daga ranar da ya kamata a haife shi ake ƙirga masa. Amsar da nake bayarwa gajeriya ce, "Tana kan hanya, likita ya duba ta," sai in sako wata hirar.

Wannan ba ya nufin a rufe ido. Idan wata 3 ta wuce bai yi murmushi ba, ko ba ya firgita da ƙara, ko ya wuce wata 9 ba ya iya zama shi kaɗai, ko kuma ya daina wani abu da a da yake yi, ki kai shi a duba. Ki nemi ƙaramin littafi kina rubuta kwanan wata da abin da ya yi: ranar da ya fara juyawa, ranar da haƙorin ƙasa ya tsago, ranar da gwaranci ya fara zama "ba-ba-ba". Likita zai amfana da shi, kakanni kuma suna jin daɗin a karanta musu.

Sai batun abinci, inda ƙauna ke yin ɓarna. Kowa na son ya ɗanɗana masa abin da ke hannunsa. Kafin wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata. Bayan nan ki taho da abincin da ya saba, ranar biki ba ranar gwada sabon abu ba ce. Zuma haramiyarsa ce har sai ya cika shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa jikin jariri ya saki. Gyaɗa guda-guda, alewa mai tauri da inabin da ba a yanka ba suna shaƙe yaro. Gishiri, sukari da lemon kwalba ba nasa ba ne. Ki faɗa wa yaran gidan ma, don su ne ke tura abu bakin jariri babu wanda ya gani.

Barci kuwa ki kare shi kamar yadda kike kare abincinsa. Daga wata 4 zuwa shekara yana buƙatar awa 12 zuwa 16, har da na rana. Da kin ga yana murza ido, yana kau da kai daga masu yi masa wasa, ki ɗauke shi zuwa ɗakin da babu hayaniya tun kukan bai zo ba. Ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙwari, ba filo, ba kan kujerar falo ba, ba kuma gadon da baƙi suka jibge mayafai da jakunkuna ba. Ki nisanta shi da lasifika da hayaƙin taba.

A zuwa na uku tana rarrafe da gudu, tana kama kujera ta miƙe, tana tsintar abu da yatsu biyu. Da muka sauka na durƙusa na bi falon da gwiwa, don in ga abin da take gani. Na tsinci tsabar kuɗi, fashasshen balan-balan, da ƙaramin batir mai kama da maɓalli a ƙarƙashin kujera. Irin wannan batir idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone masa maƙogwaro cikin awa biyu, don haka asibiti ake nufa nan take. Ki yi wannan zagayen ke ma. Ki ɗaga jakunkunan baƙi sama saboda magungunan da ke ciki, ki janye kofin shayi daga bakin tebur, ki zubar da ruwan bokiti ko ki rufe ƙofar banɗaki. Gida cike da mutane ya fi haɗari, domin kowa na zaton wani ne ke kallon yaron. Idan za ki tashi, ki kira mutum ɗaya, ki ce "ga ta nan a hannunki," ki jira ta amsa kafin ki juya baya.

A daren ƙarshe dangi suka yi da'ira suna tafa mata, kowa na son ta yi takun farko a gabansa. Ta tsaya riƙe da gwiwar babanta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna daɓas. Na ɗauke ta na kai ta ta kwanta, don lokacin barcinta ya yi. Sai da ta kai wata 14 ta saki hannu, a gida, daga bakin gado zuwa inda nake ninke kaya, taku huɗu. Na rubuta kwanan watan a littafin, na kira Mama a waya na faɗa mata.