Yadda Za Ka Gane Haɗarin Ciwon Zuciya Da Awon Tela

Kafin ka hau sikeli, nemi awon tela, domin kitsen da ya taru a ciki ya fi na cinya illa ga zuciya. Ka tsaya a miƙe, ka zagaya awon tsakanin haƙarƙarinka na ƙarshe da ƙashin ƙugu, sannan ka saki numfashi ba tare da ka shanye ciki ba, ka karanta. Idan namiji ya haura santimita 94, ko mace ta haura 80, to sai a rage tuwon dare, soye-soye da lemon kwalba, a kuma riƙa tafiya da sauri ta minti 150 a mako. Tumbin da mutanenmu ke ɗauka alamar hutu ne, sau da yawa shi ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya.

Taba kuwa ba rage ta ake yi ba, barinta ake yi gaba ɗaya, har da shishar da samari ke raina illarta. Ka tsayar da ranar dainawa, ka zubar da kwalin, ka ƙaurace wa majalisar masu busawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan shekara ɗaya da dainawa, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya kan ragu da kusan rabi.

Maza sukan kamu da ciwon zuciya da wuri, kuma raunin mazakuta kan zama alamar farko ta toshewar jijiyoyi, saboda haka likita za a nufa, ba mai tallan maganin ƙarfin maza ba. Mace kuma haɗarinta yana ƙaruwa bayan daina al'ada, don haka ta riƙa auna hawan jini a kai a kai, ko da ba ta jin ciwon komai.