Darasi na Tara: Mai Gadin Jiki da Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ranar Sallah ya san ɓargo. A ƙashin mutum ma akwai shi, kuma a cikinsa Allah ya sa jini yake samuwa dare da rana. Jinin nan da muke gani ja wur, akwai jajayen ƙwayoyi a cikinsa masu kai iskar numfashi ko'ina, akwai kuma farare masu tsaron jiki, waɗanda ake ce wa garkuwar jiki. Yau iri ɗaya za mu ɗauka daga cikin fararen. Likitoci na kiransa monosait. Kowa ya rubuta a littafinsa gaɓa-gaɓa: mo, no, sait.

Na taɓa leƙa shi da idona a wani ɗakin gwajin jini a Birnin Kebbi. Mai gwajin ya shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, ya zuba masa rini, ya ce, "Malam, sa ido nan." Sai ga shi ya fi duk na kewaye da shi girma, a tsakiyarsa da wani abu shuɗi mai lanƙwasa kamar ƙwayar wake. Ba su da yawa. Cikin fararen ƙwayoyi 100, ba su cika wuce 2 zuwa 10 ba. Kwana ɗaya zuwa uku yake yi yana yawo a jini, daga nan ya ratsa bangon jijiya ya shige cikin nama, ya zauna, ya ƙara girma. A lokacin sunansa makrofej, wato babban maci.

Sunan ya dace da shi. Ƙwayar cuta, matacciyar ƙwayar jiki, duk abin da ya tarar ba daidai ba, haɗiyewa yake yi. Ya kuma ɗauki guntun abin ya nuna wa wasu mayaƙa da ake kira ƙwayoyin T, kamar mai gadin da ya kai wa hukuma hular ɓarawo don a gane shi. Wani masani ɗan Rasha, Mechnikof, ya ga irin wannan a 1882. Ya soka ƙaya a jikin jaririn wata halittar teku mai garau kamar gilashi, da gari ya waye ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar dafifi. In ƙaya ta soke ka a gona wurin ya kumbura ya ɗau zafi, masu gadin nan ne suka taru.

Yana da aiki na biyu, kuma ku riƙe shi da kyau, don a nan maganar take. Bayan faɗa, shi ke gyara. Shi ke kwashe tarkace, ya sa a shimfiɗa sababbin hanyoyin jini, ya ce wa mayaƙa su dakata don miki ya warke.

Ciwon daji, wanda wasu ke ce wa sankara ko kansa, ƙwayoyin jikin mutum ne da kansa suka ƙi tsayawa, suna ta hayayyafa ba birki. Shi ya sa ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa, kuma babu dalilin guje wa mai shi. Monosait na iya kashe irin waɗannan ƙwayoyi, yana kuma yi. Amma Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ƙarin, wato kumburin da dajin ke yi, yakan saki wasu sinadarai cikin jini, tamkar kururuwar miki mai neman gyara. Monosait ya amsa kira ya zo da niyyar taimako. Yana shiga sai a juya shi: ya jawo wa ƙarin hanyoyin jini ya samu abinci, ya hana ƙwayoyin T faɗa, har ya buɗe masa hanyar zuwa huhu ko hanta ko ƙashi. Wasu ƙwayoyin dajin ma suna ɗauke da wata alama a bayansu mai hana shi haɗiye su. Abin na taɓa zuciyata, don mai gadin nan ba mugu ba ne, yaudararsa aka yi. A ciwon dajin nono, an lura cewa inda suka yi yawa cikin ƙari, ciwon ya fi wuyar sha'ani.

Daga nan likitoci suka yi tunanin farkar da garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Ku ɗaga hannun riga ku dubi damtsenku. Da yawanmu muna da tabon lamba, wato allurar BCG ta tarin fuka da ake yi wa jarirai. Tun 1976 ake amfani da wannan BCG ɗin wajen wani nau'in dajin mafitsara da bai yi zurfi ba. Bayan an kankare ƙarin, sai a zuba ta cikin mafitsara ta robar fitsari, sau ɗaya a mako har mako shida. Masu gadi su ji baƙo ya shigo su taso, cikin faɗan su haɗa da ragowar ƙwayoyin daji. A 2018 kuma James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan suka samu kyautar Nobel saboda gano yadda za a kwance wa ƙwayoyin T dabaibayin da ke hana su faɗa. Magungunan da ke yin wannan aikin suna da tsada ƙwarai, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Magunguna masu juyo da shi monosait ɗin kan hanya kuwa, yawancinsu ana kan gwada su. Saboda haka har yau tiyata, da maganin daji da ake bayarwa ta ƙarin ruwa, da gasa ƙarin da na'ura su ne ginshiƙi, kuma sun fi aiki in an zo da wuri. Mai lasifika a tasha da ke tallar garin "ƙara garkuwa", ba shi muke nufi ba, kada ya ɓata muku lokaci.

Mu da ke bakin ruwa, daga Argungu har Yawuri, masunta da manoman shinkafa, muna da namu abin lura. Ƙwan tsutsar tsargiya na maƙalewa a bangon mafitsara, masu gadi su kewaye shi shekara da shekaru, wurin bai warke ba, faɗa bai ƙare ba. Irin wannan daɗaɗɗen miki na iya zama daji. Yaro mai fitsarin jini ba balaga ya yi ba, ciwo ne, kuma akwai ƙwayar maganinsa a asibiti. Haka 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, tun watan Oktoba na 2023 Najeriya ta fara yi musu rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta.

In an ba ka takardar gwajin jini, nemi layin da aka rubuta MONO. Ko ka ga lambar ta hau, kada hankalinka ya tashi, zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka ma suna ɗaga ta. Likita kaɗai zai fassara maka. Amma ƙullutu a nono ko wuya ko hammata, ko da ba ya zafi, da mikin da ya ƙi warkewa, da jinin da ya zo wa mace bayan ta daina al'ada, waɗannan a kai su asibiti cikin makon.

Aikin gida: kowa ya rubuta jimla uku a kan ayyukan monosait. Mai tsohuwar takardar gwajin jini ya zo da ita darasi mai zuwa, mu nemi layin tare. Iyaye kuma a duba katin rigakafin yara, a ga ko an cike gurbin BCG.