Yadda na gyara rashin masu ziyara a shafina na fankar caji

Daga Sakkwato nake tallata fankar caji da ta sola, ina samun kamisho idan an saya ta hanyata. Damuwata ita ce, in an nemi fanka a Google, manyan kasuwannin intanet ne ke cika shafin farko, nawa ba ya fitowa.

Sai na koma kan dogayen tambayoyin da Google ke ƙarasa wa mutum yayin rubutu: awa nawa batir ke yi, wane fanel na sola zai caja fanka mai inci 16. Masu irin wannan tambaya ba su da yawa, amma da niyyar saye suke zuwa. Kowace na ba ta nata bayani. Tun cikin hunturu nake wallafawa, domin kafin zafin Maris ya kankama Google ya riga ya san da su.