Amai da gudawa a jirgin ruwan shaƙatawa: kurakuran da fasinjoji suka fi yi da yadda za a gyara su

A watan Janairun 2014, jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Explorer of the Seas ya katse tafiyarsa a tekun Karibiyan, ya koma jihar New Jersey ta Amurka kafin ranar da aka tsara, bayan amai da gudawa sun kwantar da mutum fiye da 600 a cikinsa. Gwaji ya nuna ƙwayar cutar norobairos ce, wadda ita ce ke bayan yawancin ɓarkewar ciwon ciki a irin waɗannan jirage. Sunan ya samo asali daga garin Norwalk na jihar Ohio a Amurka, inda ta kama ɗaliban wata makarantar firamare a 1968. Kada a rikita ta da kwalara, ko da yake alamunsu sun yi kama: norobairos takan lafa cikin kwana 1 zuwa 3, kuma ba kasafai take kisa ba sai ta haɗu da jariri, tsoho ko mai raunin jiki. Amma kwana uku a ƙulle cikin ɗan ƙaramin ɗaki, kana zirga-zirga tsakanin gado da ban ɗaki, ya isa ya lalata hutun da aka shekara ana tara masa kuɗi.

Da zarar ciwon ya ɓulla, kowa sai ya nuna ɗakin girki da yatsa. Wani lokaci da gaskiyarsu, domin ma'aikaci ɗaya mai ɗauke da cutar zai iya shafa wa ɗaruruwa. Sai dai sau da yawa ana zaton wuta a maƙera ne, ta tashi a masaƙa. Fasinja ne ke shigowa da ita daga tudu, watakila ma bai sani ba, tunda takan yi awa 12 zuwa 48 a jiki kafin ta nuna kanta. Daga nan hannu ne ke kai ta ko'ina: mariƙin ƙofa, maɓallin lif, ƙarfen da ake dafawa a matakala, da ludayin da mutum ɗari suka riƙa a wurin cin abinci na ɗebi da kanka. Mai ciwon yana fitar da biliyoyin ƙwayoyi, alhali waɗanda ba su kai ɗari ba sun isa su kwantar da lafiyayye. Wanda ya zuba ido a kan abin da ke cikin faranti kaɗai, ya manta da hannun da zai kai lomar baki, ya bar ƙofa a buɗe.

Wannan ne ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato dogaro da sanitaiza. A ƙofar kusan kowane wurin cin abinci a jirgi akwai ta, kuma tun bayan annobar korona mutane suka saba da ita har ta zama musu kamar wanke hannu. Kallon kitse ake wa rogo. Sinadarin alkohol yana narkar da lulluɓin kitse da ke kewaye da ƙwayoyi irin na korona da na mura, ita kuwa norobairos ba ta da wannan lulluɓi, ɓawonta na furotin ne mai tauri, don haka alkohol bai cika yi mata illa ba. Abin da ke aiki shi ne sabulu da ruwa mai gudu, a cuɗa aƙalla daƙiƙa 20. Shi ma sabulun ba kashe ta yake ba, ɓamɓare ta yake daga fata ruwa ya tafi da ita, shi ya sa cuɗawar ta fi yawan kumfa muhimmanci. A bi tsakanin yatsu, da bayan hannu, da ƙarƙashin farce, da babban yatsa, wanda kusan kowa ke tsallakewa.

Lokacin wankewar ma ana kuskure a kansa. Mutum zai wanke hannu a ƙofa, ya shiga layi ya riƙa ludayi biyar, ya taɓa tulun lemo, ya zauna ya yagi burodi da hannu. Wankin farko ya kare sauran fasinjoji daga gare shi, amma shi bai kare kansa ba. Gyaran shi ne a sake wankewa bayan an gama ɗiba, ko kuma a ci komai da cokali. Sanitaiza tana nan a matsayin ƙari bayan sabulu, ba a madadinsa ba. Kuma in ɗakinka ba nisa, ban ɗakinka ya fi na jama'a, musamman idan an fara raɗe-raɗin ciwo a jirgin.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne ɓoye ciwo. Dalilin a fili yake: wanda ya kai kansa asibitin jirgi za a ce ya zauna a ɗakinsa har sai ya yi aƙalla awa 24 ba amai ba gudawa, ga shi gobe jirgi zai tsaya a tsibirin da ya daɗe yana marmarin gani. Sai ya haɗiyi maganin tsayar da gudawa, ya daure, ya fito cikin mutane. Maganin ya rage masa zuwa ban ɗaki, amma ƙwayar tana nan tana fita. Wasu kuma su ce ai kaɗawar teku ce. To, jirin teku yana zuwa da tashin zuciya da hajijiya, yakan kuma lafa in ruwa ya kwanta. In abin ya haɗa da gudawa, murɗar ciki, ciwon jiki ko zazzaɓi, ba teku ba ne. Abin yi shi ne ka buga waya asibitin daga ɗakinka, kada ka tako ta cikin jama'a. Akwai dalilin da ya wuce lafiyarka: shirin duba tsaftar jiragen ruwa na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC), wanda aka kafa a 1975, yana buƙatar jirgi ya kai rahoto na musamman idan masu ciwon suka kai kashi 2 cikin 100 na fasinjoji ko na ma'aikata, kuma ana sanar da jama'a idan suka kai kashi 3. Da waɗannan alƙaluma ne ma'aikata ke sanin lokacin da za su karɓe ludayi daga hannun fasinjoji su riƙa zuba wa kowa, su kuma tsananta goge-goge. Duk wanda ya ɓoye nasa ya jinkirta wannan mataki. Haka nan takardar tambayar lafiya da ake cikewa kafin shiga jirgi: wanda ya yi amai daren jiya ya rubuta lafiyarsa ƙalau, shi ne mafarin labarin.

Antibayotik ba ya taɓa bairos, shansa a nan ɓarnar magani ce, yana ma iya ƙara dagula ciki. Babu kuma allurar rigakafinta tukuna. Haɗarin gaske shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka a riƙa kurɓar ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan, a jingine giya da kofi. In baki ya bushe, fitsari ya ragu, ko jiri na ɗibar mutum in ya miƙe, ko yaro na kuka ba hawaye, lokacin ƙarin ruwa ya yi, a kira likitan jirgi.

Idan wani ya yi amai a bainar jama'a, tausayi kan sa mutane su matso, wani ma ya ɗauko tishu ya fara gogewa. Amai yana watsa ƙananan ɗigo a iska, su sauka a teburi da abincin da ke kusa. A ja da baya, a bar abincin da ke wajen, a kira ma'aikata. Suna da safar hannu da takunkumi da ruwan kulorin mai ƙarfin kaso 1,000 zuwa 5,000 cikin miliyan, wanda ake bari ya jiƙa wurin aƙalla minti 5. Tishu mai danshi ba abin da yake yi sai baza ta. Tufafin da suka ɓaci kuma kada a kakkaɓe su, a ƙulle a leda a miƙa don wanki da ruwan zafi.

Ana kuma sakin jiki idan an sauka yawo a tashoshin da jirgi ke tsayawa. Ba kowane ciwon ciki ne na norobairos ba. Bakteriya irin su E. coli da Salmonella sukan biyo fasinja daga tudu, ta ƙanƙarar cikin lemo, ganyen da ba a dafa ba, ko ruwan da ba a san asalinsa ba. Ɗanyar kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, tana tara norobairos daga gurɓataccen ruwa, kuma ɗan turarawa ba ya kashe ta, domin tana jure zafi har kusan digiri 60.

Masu duba makin tsafta kafin su sayi tikiti suna yin daidai: jiragen da ke shiga tashoshin Amurka ana yi musu binciken ba-zata sau biyu a shekara, ana ba da maki cikin 100, kuma wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi. Amma maki yana auna ruwan sha, ɗakin girki da wurin ninƙaya ne, ba ya auna hannun fasinja dubu uku. A ɗaya ɓangaren, masu ganin jirgi shi ne matattarar cutar su ma sun zarce: kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na ɓarkewar norobairos da ake kai rahoto a Amurka ke faruwa a jiragen shaƙatawa, mafi yawa a gidajen kula da tsofaffi ne. Na jirgi ya fi amo ne saboda ana ƙirga shi ana kuma wallafawa.

Sai ranar sauka. Ka warke tun jiya, ka iso gida, ka shiga ɗakin girki don ka haɗa wa iyali abinci. Dakata. Ƙwayar tana ci gaba da fita a bayan gida har mako biyu ko fiye bayan sauƙi, kuma kwanakin farko ne suka fi haɗari. Ka bar wa wani girkin aƙalla kwana 2 bayan alamu sun ɗauke, ka ware tawul ɗinka, ka wanke kayan tafiyar da ruwan zafi, ka kuma ɗaga ziyarar kaka da ganin jariri zuwa wani makon.