Darasi: Sanyi da jariri sabon haihuwa

Mu nan Damagaram mun saba da kukan zafi, shi ya sa idan aka ce sanyi na kashe jarirai sai wasu su yi dariya, su ce ina sanyin yake a ƙasar da rana ke ƙona tafin ƙafa. To jariri ba kamar ni da ke ba ne. Ya fito daga ciki mai ɗumin digiri 37, a jiƙe sharkaf, ba shi da kitsen kirki, kansa babba ne a kan jikinsa, kuma bai iya rawar ɗari ba balle ya ɗumama kansa. Kun ga yadda ruwan tulu ke yin sanyi idan iska ta bugi jiƙaƙƙen bayan tulun, haka jikinsa yake, in aka bar shi a jiƙe cikin minti 10 zuwa 20 zafin jikinsa zai iya sauka da digiri 2 har 4. Wannan ko a watan Afirilu ne fa, balle Disamba da Janairu lokacin da hunturu ke kaɗawa da asuba.

Daidai zafin jikin jariri shi ne 36.5 zuwa 37.5. Ƙasa da 36.5 sanyi ya kama shi kenan.

Likitocinmu na karkara, ko CSI ne, wato cibiyar kiwon lafiya, ko ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, wajen Mirriya, Magariya, Tanut ko Gure, galibi ba kwalbar saka jarirai, inda ma take akwai sai kuran ya ɗauke tsakar dare. Amma yawancin abin da ake bukata yana cikin ƙullin kayan mai ciki. Tun cikin ya kai wata takwas a wanke zannuwa a shanya su a rana, aƙalla biyu na karɓar jariri, da hula da safa da majanyi. Me ya sa biyu? Na farko na tsane shi ne, yana faɗowa a goge shi tas, kai da baya da hammata da matsematsi, sai a janye wannan zanen gefe tunda ya jiƙe, kar a naɗe shi da shi, nan ne mutane da yawa ke kuskure. A kwantar da shi tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su duka biyun da busasshen zane, a sa masa hula. Taga a rufe, fanka a kashe, ko masu jiran haihuwa na gumi su yi haƙuri, ɗakin haihuwa bai kamata ya yi ƙasa da digiri 25 ba. Awo ma ba gaggawa, a bari ya sha nono tukun, kuma in za a ɗora shi a sikeli a shimfiɗa zane, ƙarfen nan sanyi gare shi.

Nonon farko, dakashi, a ba shi cikin awa ɗaya da haihuwa. Kar a matse a zubar wai ba shi da kyau. Da shi jiki ke samun abin da zai ƙona ya yi ɗumi, jaririn da bai sha ba sanyi ya fi saurin kama shi, wanda sanyi ya kama kuma ba ya iya tsotso, abu biyu na jan juna.

Sai maganar wanka, a nan ne ake samun gardama da iyayenmu kakanni da ungozomomi. Na sani, an saba ana yanke cibiya sai ruwan ɗumi da sabulu da soso, a dirje farin maiƙon nan na jikinsa wai in ba haka ba zai yi wari har girmansa. Iya, da girmanki, maiƙon nan ba dauɗa ba ne, yana kare fatarsa kuma da kansa yake shigewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wanka har awa 24, in abin ya gagara sam to aƙalla awa 6. Ruwan ɗumin ba shi ne matsalar ba, fitowa daga ruwan ne, wannan ɗan lokacin da ake neman tawul ana hira jariri na hannu a jiƙe. In lokacin wankan ya yi a yi shi da hantsi rana ta ɗaga, cikin ɗaki, a yi sauri. Ranar suna kuma wanzami ya yi aski, a mayar da hula nan take, 'yan barka su ma su rage yawo da shi hannu zuwa hannu a tsakar gida.

Bakwaini da duk wanda bai kai kilo 2.5 ba, nasu ya fi tsanani. Su ake yi wa goyon ƙirji, wanda likitoci ke ce wa kangaru. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara shi a 1978 saboda kwalaben asibiti sun yi kaɗan, yanzu ko ƙasashen da ke da kwalaben suna yi. Jariri ba riga, daga kunzugu sai hula sai safa, a tsaye tsakanin nonon uwa, fuska a juye gefe ɗaya, haɓa a ɗan ɗage don hanci ya samu iska, ƙafafu a tanƙwashe a buɗe. A ɗaure da majanyi, bakin majanyin ya tsaya daidai ƙasan kunnensa, ya kama shi sosai amma kar a matse masa ciki, sannan uwa ta sa riga mai faɗi a kai. Awa 8 a yini shi ne mafi ƙaranci, in an samu dare da rana ya fi. Barci a kishingiɗe za ta yi da matashi a baya. Mai jego za ta shiga wanka, za ta gaji, to uban yaro ya karɓa, ba abin kunya ba ne malam, ƙirjinka ma ɗumi gare shi, ko kaka ko abokiyar zama. In bai iya kama nono ba a tatsa a kofi mai tsabta a ba shi kaɗan kaɗan, duk bayan awa 2 ko 3.

Kaskon gawayi a ɗaki a rufe kam a'a. Gawayi na fitar da wata iska da ba a gani ba a jin warinta, tana sumar da babba ma balle jinjiri. Buta ko gorar ruwan zafi a jikinsa ma a'a, fatarsa ba ta da kauri, kafin a ankara ta sale.

In ba tarmomita, abin auna zafin jiki, hannunki ya isa. Ki taɓa tafin ƙafarsa da bayan hannu, ki taɓa cikinsa. Ƙafa sanyi ciki ɗumi, ya fara ɗaukar sanyi, a canza kunzugu in ya jiƙe, a mayar da shi ƙirji, a ba shi nono, bayan awa ɗaya a sake taɓawa. Ƙafa da ciki duka sanyi, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya yi ƙasa, jiki ya saki, ko numfashi na sauri ƙirji na lotsawa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, don sau da yawa sanyin jiki a jariri alamar cuta ce ta shiga jini. A tafi likita, in sun ce a wuce Zinder a wuce. A hanya, kan babur ne ko amalanke ko mota, jariri na ƙirjin uwa cikin riga, ba a naɗe a hannun wata ba, a rufa bargo ta gaba saboda iska, kuma a riƙa leƙa fuskarsa.

Zama na gaba kowace ta zo da majanyi da 'yar tsana ko ƙullin tsumma mai girman jariri, za mu gwada ɗaurin bibbiyu, mazan aji ku ma ku zo da naku.