Digirin lafiyar al'umma ta intanet daga nan Saudiyya, ga yadda ake bi

Tun da na saka hoton kwamfutata a sitatus da dare ina karatu mutane suke ta damuna a WhatsApp, wai yaya ake digirin lafiyar al'umma ta intanet mutum yana zaune a Jidda ko Makka yana aikinsa. To bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya ka zauna ka tambayi kanka, wannan takardar ina zan kai ta? Nan ne mutanenmu suke tafka asara wallahi. In a nan ƙasar kake son aikin lafiya, sai hukumar SCFHS, mai ba ma'aikatan lafiya lasisi a Saudiyya, ta tantance ka ta manhajar Mumaris Plus, takardunka kuma su bi ta DataFlow, kamfanin da ke binciken takardun shaida, a tabbatar ba na bogi ba ne, kuma hukumar nan tana da tsauri sosai a kan shaidar karatun nesa, don haka ka rubuta musu sunan jami'ar da sunan kwas ɗin ka jira amsa a rubuce, kar ka yarda da "wani ya ce min". In kuma gida za ka koma, Kano ko Zinder, to ma'aikatar ilimin can ce za ka tambaya. Wata baiwar Allah a unguwarmu sai da ta ci shekara biyu tana biya kafin ta yi wannan tambayar, ranar da ta samu amsa ko abincin dare ba ta iya ci ba.

Sai zaɓen makaranta. A nan akwai Saudi Electronic University, ta gwamnati ce, an kafa ta a 2011, hedikwatarta na Riyad tana kuma da rassa a Jidda da Madina da Dammam, kuma tana da digirin lafiyar al'umma. Amma fa ba intanet zalla ba ce, akwai ranakun shiga aji ido da ido, sannan mai igama, wato baƙo mai takardar izinin zama, ya karanta sharuɗɗan ɗauka da kyau tunda 'yan ƙasa ake fifitawa. Akwai University of the People ta Amurka da aka buɗe a 2009, nata digirin sunansa kimiyyar lafiya, kwas 40 ne, ba kuɗin makaranta amma kowane kwas akwai kuɗin jarrabawa sama da dala 100, ka ninka sau 40 ka juya shi riyal ka ga ko aljihunka zai ɗauka. NOUN, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, ita ma tana da kwas ɗin da araha, sai dai jarrabawarta galibi a cibiyoyinta na Najeriya ake zama, ka lissafa kuɗin jirgi kenan.

Takardu ba wani abu ba ne, shaidar sakandare, WAEC ko NECO ko sanawiyya, wato ta sakandaren nan Saudiyya, fasfo, in da Larabci take a kai ta ofishin tarjama mai hatimi. Turanci ne ƙashin bayan abin. Wanda ya tashi a makarantun Larabci ya ba kansa wata shida yana gyara Turancinsa tukunna, ba abin kunya ba ne.

Karatun kansa kuwa, ka cire rai da allura da farin kwat, ba likita za ka zama ba, ba nas ba. Za ka koyi yadda cuta take yaɗuwa cikin jama'a, lissafin alƙaluman lafiya, tsaftar ruwa da muhalli, tsara rigakafi. Lissafin nan shi yake korar mutane, ni kaina sai da na maimaita darasi ɗaya sau huɗu a YouTube kafin ya zauna. Amma daɗin abin mu nan a tsakiyar darasin muke zaune. Cutar numfashi ta MERS a Jidda aka fara gano ta a 2012. Allurar sanƙarau da ake tilasta wa alhazai, ɓarkewar da aka samu a aikin hajji ce ta jawo ta, musamman ta 1987 da ta 2000. Zafin hajjin 2024 gwamnati da kanta ta ce mutum 1,301 suka rasu, Allah ya jiƙansu. In malami ya ce a rubuta kan taron jama'a da lafiya, ɗan ajinku na Kanada sai ya je bincike, kai kuwa ka tsaya a Mina ka gani da idonka.

Batun lokaci, kar ka ɗauki kwas uku a zangon farko kana duti awa goma, ɗaya ko biyu ya isa. Ka duba agogon da makarantar take bi, mu muna gaban New York da awa 7 ko 8, mutum zai iya ɗauka ya makara alhali yana da sauran dare guda. Ramadan da lokacin hajji kuwa, in aikinka na otal ne ko jigilar alhazai, ka nemi hutun zango tun da wuri.

Ka sauke littattafan a waya in kana kan wayfai, ka ajiye kowane rasit da kowane imel na makarantar a folda ɗaya, DataFlow za su iya tambayarka abin da ka manta shekara huɗu baya.